Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Masu Unguwanni, Limamai da Shugabannin Tasha: A Shirya wa Naƙudar Dare Kamar Yadda Aka Shirya wa Jana'iza

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe dagatai da masu unguwanni. Allah ya gafarta malamai, limaman Juma'a da na masallatan unguwa. Shugabannin ƙungiyar direbobi ta NURTW na tashoshinmu, Allah ya ƙara girma. Bayan gaisuwa da fatan alheri, wannan takarda ta fito ne daga wasu ungozomomi da ma'aikatan lafiya a matakin farko da ke aiki a birane da ƙauyukan Arewa.

Za mu fara da abin da kuka fi mu sani. In aka yi rasuwa a unguwa da asuba, kafin hantsi ya dubi ludayi an gama shiri. An san inda makara take, an san mai wanka, an san telan da zai ɗinka likkafani. Samari sun ɗauki diga da shebur sun nufi maƙabarta ba tare da wani ya aike su ba, an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, maƙwabta sun ɗora tukwane. Ba gwamnati ce ta tsara wannan ba, kuma ba ya taɓa kuskure. To wannan unguwar da ta iya haka, ita ce kuma in mace ta fara zubar da jini ƙarfe biyun dare za ka ga mijinta shi kaɗai a layi, yana buga ƙofar mai mota, yana neman rancen kuɗin mai, bai ma san wane asibiti zai nufa ba. Mutanen da za su cika sahu uku a sallar gawarta da safe duk suna nan kwance, taku ashirin tsakaninsu da ɗakinta. Ba rashin tausayi ba ne. Ba a taɓa zama an raba aikin ba ne, shi ke nan.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mata kimanin 82,000 suka rasu a Najeriya sanadiyyar ciki da haihuwa, wato fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk irin wannan mutuwa a duniya. Binciken lafiyar iyali na ƙasa na 2018 kuma ya nuna cewa a Arewa maso Yamma fiye da mata takwas cikin goma a gida suke haihuwa. Ku haɗa waɗannan biyun ku gani: matsalar a cikin gidajen unguwanninku take farawa, tun kafin likita ya ji labari. Masana sun kasa jinkirin da ke kashe mai haihuwa gida uku: jinkirin yanke shawarar fita, jinkirin isa asibiti, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Na ukun namu ne da hukumomi, kuma ba ma wanke kanmu daga laifinsa. Na farko da na biyu kuwa a hannunku suke.

Ga yadda lokacin yake. Macen da jini ya ɓalle mata bayan haihuwa tana iya rasuwa cikin awa biyu. Jinin da ake kira ya yi yawa ba wani mai tsoratarwa ba ne a ido: rabin lita ne, cikin ledar fiya wata guda. Zani yana shanye shi, katifa tana shanye shi, sai a ce ai jinin biƙi ne yake fita. Maganin yana nan a asibiti. Gwajin da aka yi a asibitocin Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranci ɓangaren Najeriya, aka fitar da sakamakonsa a 2023, ya nuna cewa auna jinin da wata leda mai ma'auni da haɗa magungunan lokaci guda yana rage mummunan sakamakon zubar jini da kusan kashi 60 cikin 100. Amma ledar ba ta zuwa gida. Sai an kai matar.

Abu huɗu ake bukata a tanada tun kafin daren: izini, kuɗi, mota, jini. Ba sabon tunani ba ne. An gwada shi fiye da shekara goma da suka wuce a ƙauyukan Jigawa da Katsina da Yobe da Zamfara, da direbobin NURTW a ciki. Inda ya mutu, galibi ya mutu ne ranar da masu tallafi suka naɗe tabarmarsu, saboda an ɗauke shi aikin baƙi. Shi ya sa wannan karon muke kawo maganar gabanku.

Malamai, izini naku ne. Sau da yawa mota tana nan, kuɗi suna nan, amma maigida ya tafi cin rani Legas ko Fatakwal, wayarsa ba ta shiga, kuma ba wanda zai iya cewa a fita da matar wani cikin dare. Uwar miji tana jiran ƙanin miji, ƙanin miji yana jiran gari ya waye. Maganin wannan magana ce guda da miji zai faɗa tun ciki yana wata huɗu ko biyar, a gaban mahaifiyarsa da wani maƙwabci: in abu ya taso ba na nan, a kai ta, ba sai an neme ni ba. A ambaci sunan mutum biyu da ya wakilta, domin in ta kai ga tiyata asibiti zai nemi wanda zai sa hannu. A rubuta sunayensu da lambobinsu a bayan katin awo. Ku kuka san hukuncin larura fiye da mu, ku kuka san wasiyyar da Mala'ika Jibrilu ya yi ta yi wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da maƙwabci. Roƙonmu ku faɗe shi a huɗuba, ku kuma faɗe shi wurin ɗaurin aure, inda ango yake zaune yana ji.

Akwai kuma kunya. Yarinya mai cikin fari ta tashi tana jin ana yabon wadda ta haihu ita kaɗai ba a ji ko tarinta ba, saboda haka sai ta kwana ta wuni tana murƙususu a ɗaki ba ta faɗa wa kowa ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Iyaye mata su ji daga bakinku cewa naƙudar da ta kai daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, awa 12, ta zama doguwar naƙuda, kuma ita ce ke cika gadajen masu yoyon fitsari a Babbar Ruga ta Katsina da sauran cibiyoyi irinta. Haka nan duk jinin da ya fito ana da ciki, ciwon kai mai tsanani da ganin dishi-dishi, kumburin fuska da hannuwa, jijjiga, fitowar hannu ko ƙafa ko cibiya kafin kai, mabiyiyar da ta wuce rabin awa ba ta faɗo ba: kowanne ɗaya daga cikinsu ya isa a kira direba. Mai jijjiga a kwantar da ita ta gefen hagu, kada a cusa mata cokali a baki, kada a turara ta, kada a ɗura mata rubutu ko ruwa tana a sume, domin huhu zai tafi. A yi mata addu'a a cikin mota ana tafiya. Allurar da ke tsayar da jijjigar tana asibiti.

Yanzu maganar kuɗi, kuma a nan za mu daɗe, domin a nan yawancin irin wannan shiri yake rushewa.

Ku ɗauki misalin layi ko unguwa mai gida 60. In kowane gida ya zuba naira 500 a mako, an tara 30,000 a mako, 360,000 a mako 12. Wannan lissafin misali ne, kowace unguwa ta yanka daidai ƙarfinta. Ƙaramin zubi da ake yi kowane mako ya fi babban zubi na wata-wata, domin mai sayar da ƙosai tana iya cire ɗari biyar ranar Juma'a, amma dubu biyu a dunƙule sai ta ce a bari sai wani watan. A ƙauye, inda kuɗi ba sa zama a hannu sai da kaka, a karɓi hatsi: kwano kaza na gero ko wake daga kowane gida lokacin girbi, a zuba a buhun nan mai leda biyu a ciki da ke hana ƙwari numfashi, a ɗaure kowace leda daban, a ɗora a kan katako ba a ƙasa ba, a sayar da bazara in farashi ya ɗaga. Sai dai kada a mayar da asusun duka hatsi. Ba a biyan kuɗin tiyata da buhun wake ƙarfe ukun dare.

Domin sanin nawa ya kamata a tara, ga ma'aunin da ma'aikatan lafiya suke aiki da shi: cikin kowane ciki 100, kimanin 15 za su zo da matsalar da sai asibiti. In unguwa tana da masu ciki 20 a shekara, a sa ran fita ta gaggawa kamar uku, wataƙila ɗaya ta kai ga tiyata. A je babban asibitin da ke kusa a tambayi abin da ake kashewa a tiyatar haihuwa da ledar jini biyu da magunguna, a ninka sau biyu. Wannan shi ne abin da bai kamata asusun ya yi ƙasa da shi ba. A kuma sake duba zubin duk wata shida. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin da a da zai kai mota birni ya dawo da ita, yanzu ko rabin hanya ba ya kai ta. Wasu unguwannin sun fi ganewa su ɗaure zubin da farashin rabin litar mai, in ya tashi zubi ya tashi, ba sai an yi ta gardama ba.

A raba kuɗin kashi biyu. Kashi na farko tsaba ne, wanda zai isa mai da kati da kayan farko na asibiti, a ajiye shi a cikin unguwa, a akwati mai makulli biyu a hannun mutum biyu da ba gida ɗaya suke ba, ɗaya daga cikinsu mace. Dalilin macen shi ne mata sun fi saurin jin labarin naƙuda, kuma sun fi zama a gari. Wanda ya ga ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ba sai an yi masa bayanin amfanin tsaba ba, kuma ko yau mai POS ba ya buɗewa tsakar dare, in ya buɗe ma sai ka ji ba sabis. Kashi na biyu a banki, da sunan ƙungiya ba da sunan mutum ba, masu sa hannu uku, kowane biyu sun isa. In aka buɗe da sunan mutum ɗaya, ranar da ya rasu kuɗin sun shiga cikin gado, sai an kai ruwa rana da magada. Bankin zai nemi takardar rajista, ita kuma ana samunta a sashen walwalar jama'a na ƙaramar hukuma ko ofishin ƙungiyoyin gama kai, ba sai an je Abuja ba.

Abin da ake bayarwa rance ne marar ruwa, a biya a hankali cikin wata uku ko huɗu bayan suna. Wanda kowa ya san ba shi da hali, kwamitin da ke kula da asusun ya yafe masa a asirce, a cike gurbin da sadakar masu hali. Zakka kuwa kada a zuba ta cikin wannan akwati, domin tana da mutanenta takwas da aka ambata, ba kuma a bayar da ita rance. In mai zakka yana so ya taimaka, ya biya wa matalaucin bashinsa kai tsaye, liman ya shaida.

Ga inda ake faɗuwa. Na farko, ma'aji ɗan kasuwa ne, ya ga kuɗi suna kwance, ya ce bari ya juya su zuwa ranar kasuwa. Ba da niyyar cin amana ba, amma daren da aka zo nema kuɗin suna cikin buhunan taki. Na biyu ya fi wuyar magani, saboda da fuskar zumunci yake zuwa: wani dattijo da ake jin nauyinsa ya zo neman rancen ragon suna ko kayan ɗakin 'yarsa. Ranar da aka ba mutum ɗaya, asusun ya zama adashi, kowa zai zo da tasa bukatar, kuma duk bukatun gaskiya ne. Shi ya sa tun zaman farko za a rubuta abin da kuɗin suke yi da abin da ba sa yi, mai unguwa da liman su sa hannu, domin ma'aji ya samu abin fakewa in babba ya matsa masa. Na uku, ɗan siyasa ya ba da gudummawa mai tsoka gab da zaɓe, 'yan ɗaya jam'iyyar su janye, sauran kuma su daina zubi tunda an samu mai yi. A karɓi gudummawar kowa, a rubuta ta a littafi kamar ta kowa, amma kada a liƙa hoton kowa a jikin akwati. Na huɗu shiru ne. Kuɗin jama'a da ba a karanta lissafinsu, ko ba a ci ba za a ce an ci. Ranar Juma'ar farko ta kowane wata a karanta a ƙofar masallaci: an tara kaza, an fitar da kaza, saura kaza. A karanta wa mata nasu a makarantar Islamiyya. Ba a faɗin sunan wadda aka kai asibiti ko wanda ake bi bashi, adadi kawai.

Wani zai ce ai gwamnati ta ce kyauta ne. Gaskiya ne a watan Nuwamba 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata masu ƙaramin ƙarfi, kuma sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana asibiti ƙin karɓar mai larurar gaggawa. Kwamiti ya je ya tambaya ko asibitin da ke kusa yana cikin shirin da kuma takardun da ake nema, a taimaki masu ciki su yi lambar NIN tun da wuri. Amma ko a inda shirin yake aiki, ba ya zuba wa mota mai a ƙofar gidanku, kuma ranar da wani magani ya yanke a asibiti takarda za a miƙo a ce a sayo a waje.

Shugabannin tasha, ga taku. Direba ɗaya bai isa ba, domin yana tafiya, yana rashin lafiya, motarsa tana kwana a gareji. A samu aƙalla uku da suke kwana a cikin unguwar, a yi musu juyi mako-mako. Wanda yake kan juyi ba ya kashe waya, ba ya kwana da tanki ƙasa da rabi, ba ya ajiye motarsa a inda wasu motoci uku suka tare ta. Asusu ne zai mayar masa da mansa washegari, ba sai ya bi sawu ba. Ba ma ba da shawarar ajiye jarkar fetur a ɗakin kowa, gobara ba ta san niyyar alheri ba. A rubuta lambobin direbobin da fenti a bangon masallaci da na kemis, da biro a katin awon kowace mai ciki. Ladan da ya fi tasiri, wanda aka gani a tashoshin da suka yi wannan aiki, bai ci ko sisi ba: direban da ya kai mai naƙuda cikin dare, da safe shi ke da lodin farko, ba ya bin layi. Wannan a hannunku yake ku da 'yan kamasho. Ku ƙara masa da sabulu da ledar shimfiɗa da kuɗin wankin kujera, domin direbobi da yawa abin da ke sa su noƙe ke nan, ba sa dai faɗa.

Ranku ya daɗe, akwai abubuwan da sai ku. Layukan da aka sa wa ƙofar ƙarfe saboda ɓarayi, wa ke riƙe da makulli, kuma yana kwana a ina? 'Yan sintiri sun san motocin nan uku? A garuruwan da aka taƙaita zirga-zirgar babur ko adaidaita sahu da dare, a kai direbobin gaban DPO a gabatar da su, a ba kowanne takarda mai hatimin mai unguwa da hotonsa, domin minti ashirin na bayani a shingen jami'an tsaro daga cikin awa biyun nan ake cire su. Inda hanya ba ta biyuwa da dare saboda 'yan bindiga, ko rafi yake yanke gari da damina, mota ba za ta yi maganin komai ba. A nan al'adarmu ta goyon ciki ita ce mafita: da ma ana mayar da mai cikin fari gidan iyayenta ta haihu. To a faɗaɗa ta. Duk wadda aka taɓa yi wa tiyata, ko mai tagwaye, ko mai hawan jini, ko wadda ta haihu biyar zuwa sama, ko yarinya ƙarama, in ta shiga wata tara ta koma gidan ɗan'uwa da ke kusa da babban asibiti. Wadda ba ta da kowa a can, dagaci ya yi magana da takwaransa a sama mata masauki.

A kuma san inda za a nufa tun kafin a tayar da mota. Lokaci mai yawa yana salwanta ne a zagaye: a fara da kemis, ya yi allurar ƙarin naƙuda da ba huruminsa ba, wadda kan iya fasa mahaifa; a wuce ƙaramin asibitin mazaɓa, a tarar ba wanda ke kwana; sai an kusa asuba a isa inda ya kamata a fara zuwa. Mutum biyu daga kwamiti su zagaya da rana tsaka su tambayi kowane asibiti: akwai ungozoma da dare? Ana tiyata da dare? Akwai ma'ajiyar jini, kuma firjinta yana samun wuta? Wace lamba za a kira a ce ga mu nan tafe? Haihuwar da ke tafiya daidai ta ƙaramin asibiti ce. Jini da jijjiga da doguwar naƙuda kai tsaye babban asibiti. A cikin mota a kwantar da matar, kada a zaunar da ita, a lulluɓe ta. In jini ne bayan haihuwa, 'yar rakiya ta riƙa murza mata mara har ta ji mahaifa ta yi tauri kamar ƙwallo, a sa jariri a nono, a taho da zannuwan da suka jiƙe a leda domin ungozoma ta ga yawan abin da ya zuba.

Jini ba a sayensa a kanti, a jikin maƙwabci yake. A samu mutum 10 zuwa 15 masu lafiya, daga shekara 18 zuwa sama, masu nauyin kilo 50 ko fiye, su je tare a gwada rukunin jininsu a rubuta. Abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba, ruwansa yana dawowa cikin kwana ɗaya ko biyu, ƙwayoyinsa cikin 'yan makonni, kuma ba ya rage wa namiji komai, duk da abin da ake faɗa a majalisa. Namiji yana iya bayarwa duk wata uku. Za a gwada kowa don ƙanjamau da ciwon hanta iri biyu da tunjere. Wanda gwaji ya hana shi, tsakaninsa da ma'aikacin lafiya ne. Kwamiti ba ya tambayar dalili, in ba haka ba gobe ba wanda zai zo. Miji ya bayar, amma a sa nasa a ma'ajiya a musanya, domin jininsa kai tsaye a jikin matarsa yana iya jawo matsala ga cikin gaba. Mai ciki ita ma ta san rukuninta tun a awo, musamman in nata mai alamar negetif ne, wanda yake da wuyar samu, a nemo mai irinsa tun da sauran lokaci. Da an tashi mota, mutum biyu daga cikin jerin su bi ta a baya, kada a jira sai likita ya ce a kawo jini sannan a fara kiran waya, domin ɗiba da gwaji da haɗawa suna cin lokacinsu. Mafi kyau ma a riƙa zuwa ana bayarwa tun ba a bukata, tunda leda tana yin kwana 35 a firji, asibiti ya san unguwa kaza tana da ajiya. Wannan ne zai raba ku da masu sayar da jininsu a bakin ƙofar asibiti.

Saura magana ɗaya, kuma a ganinmu ta fi duk waɗanda suka gabata nauyi. Matar mai unguwa ba za ta rasa mota ba. 'Yar liman ba za ta rasa mai ba ta jini ba. Wadda ake rasawa ita ce wadda ba a sani ba: matar ɗan haya da suka tare wata biyu da suka wuce, 'yar gudun hijirar da ke zaune a kangon bayan gari, matar rugar da ke gefen ƙauye, wadda aka saka da ciki, wadda kishiya da uwar miji ba sa shiga ɗakinta, maƙwabciyar da ba addini ɗaya ake ba, da yarinyar da ta yi cikin da gidansu suke ɓoyewa. Waɗannan ba sa zuwa biki, ba sa cikin adashi, ba a kai musu kwanon tuwo, saboda haka ba wanda ya lura sun kwana biyu ba su leƙo ba. In asusun ya zama na masu zubi kaɗai, ya tsallake su, to an tara kuɗi ne domin waɗanda da ma za su tsira. A rubuta a cikin ƙa'ida cewa duk macen da ke kwana a cikin iyakar unguwa tana ciki, ta zuba ko ba ta zuba ba.

Hanyar gano su ta mata ce. Kowane gida goma a samu dattijuwa ɗaya mai riƙon sirri, wadda ake buɗe wa ƙofa, ungozomar gargajiya in akwai ta fi dacewa, domin in aka ware ta za ta zama mai hana tafiya, in aka jawo ta ita ce mai rakiya. Ita za ta san masu ciki na gidajenta da watan kowacce, ta tabbatar an yi maganar izini, ta leƙa sau ɗaya a mako in wata tara ya kama. Littafinta yana hannunta, ba ya zuwa zauren mai unguwa. Abin da kwamiti yake bukata adadi ne kawai. Bayan haihuwa ma aikinta bai ƙare ba. Mata suna cika ɗaki da barka har ranar suna, amma kowa jariri take kallo. Ita ta dubi mai jego: zazzaɓi, jini mai wari, ciwon kai, kumburi, haki in ta kwanta. Jijjiga tana iya zuwa bayan an haihu lafiya, an ma ci kaurin.

Duk fitar da aka yi, ko an dawo da jariri ko an dawo da gawa, a zauna cikin mako guda a bi sawunta: ƙarfe nawa abin ya fara, ƙarfe nawa aka kira direba, ƙarfe nawa aka isa, a ina aka tsaya. Ba zaman neman mai laifi ba ne, in ya zama haka ba wanda zai sake faɗin gaskiya. Abin da ya shafi asibiti, kamar rashin ma'aikaci da dare ko neman kuɗi kafin a taɓa majiyyaciya, a rubuta shi a miƙa wa kwamitin cigaban mazaɓa da ke kula da asibitin, mai unguwa ya bi sawu.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Muna roƙon kowane mai unguwa ya kira zama cikin wannan wata, bayan la'asar, da liman da shugaban tasha da mai kula da asibitin mazaɓa da dattawan mata. Kada a tashi sai an fitar da sunan direbobi uku, masu riƙe makulli biyu, adadin zubi da ranar fara shi, da ranar da masu ba da jini za su je gwaji. Ma'aikacin lafiyar da ke mazaɓarku zai zo in kun kira shi, ya koya wa direbobi da dattawan mata alamomin haɗari da yadda ake ɗaukar mai jini. Zama biyu na awa bibbiyu sun isa.

Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana, ya sauki masu ciki lafiya.

Wassalam.

Daga wasu ungozomomi da ma'aikatan lafiya a matakin farko.